Makaɗan da Ba Su da Mawaƙi

Sevran, watan Mayu

Zuwa ga Gwaggo Huraira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Da hannu nake rubuto miki domin Baba ya riƙe wayata sai an gama jarrabawar bak, ta kammala sakandare.

Gwaggo, alfarma nake nema. Akwai wasu makaɗa, Les Girafes du Périph, za su yi wasa a bikin kaɗe-kaɗe a can Lyon, kusa da ku, bayan jarrabawa. Kiɗansu funk ake ce masa, amma nasu mai juya kai ne: jita tana kuka kamar an tsoma ta a ruwa, ganguna kuma ba su gajiya. Su nake saurare idan lissafi ya gagare ni.

Baba ya hana, ya ce waƙoƙin yanzu duk batsa ne. Na ce masa waɗannan ba su waƙa sam, kiɗa ne zalla. Sai ya ce in na yi alkawarin ko kalma ɗaya ba za ta shiga kunnena ba, kuma ke kika raka ni, ya yarda. Na yi alkawarin. Bai taɓa barina na shiga jirgin ƙasa ni kaɗai ba. In abin ya ɓaci, na san ba zai sake ba.

Ki gaida ƴar'uwata Leïla. Ki huta lafiya.

Ƴarki,
Ruwaida

Rillieux-la-Pape

Ruwaida ƴata,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan yadda kika san ta.

Kiɗa ba waƙa? Ke, an cuce ku. Ni da na yi amshi a bukukuwan Damagaram tun ubanki bai iya ɗaura wando ba, ban taɓa ganin makaɗi ba mawaƙi ba, sai dai in mawaƙin ya yi fushi ya tafi gida. Amma ki zo, zan raka ki. Ki ce wa Mamane ya kwantar da hankalinsa, ni na goye shi, zan iya riƙe masa ƴa yini guda.

Ki taho min da yajin da uwarki ke ɓoyewa bayan gwangwanin shinkafa. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Gwaggonki

Rillieux-la-Pape, watan Yuli

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Mama. Na iso lafiya. Na zaɓi in rubuto kafin in dawo, domin in na tsaya gabanka bakina ba zai buɗe ba.

Mun je da la'asar. Gwaggo ta sa leshinta na biki, ta ɗauki kujerar naɗewa, ta ratsa jama'a tana cewa "pardon, pardon" har sai da muka kai gaba. Makaɗan suka fito, kuma wallahi Baba, kamar yadda na faɗa maka, ba wanda ya buɗe baki da waƙa.

Da aka jima Gwaggo ta taɓa ni ta ce, "Har yanzu gyaran kaya suke?" Na ce ai an fara tun ɗazu. Ta dubi makirufon da ke tsaye ba kowa a bayansa, wanda mai jita ya gaida jama'a da shi, ta ce, "Allah sarki, mawaƙinsu ya yashe su. Dubi mai gangar nan, gumi kawai yake, kunya ta kama shi." Na ce Gwaggo haka tsarinsu yake. Ta ce, "Ke yarinya ce, rufin asiri suke."

Sai ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Mai ganga ya amsa mata da bugu. Ta ƙara, ya ƙara. Mai jita ya yi dariya, ya sauko da makirufon ya miƙa mata, ina jin ya zaci guɗar za ta sake. Na riƙe mata mayafi ina roƙonta. Mayafin ya zauna a hannuna, ita ta tafi.

Baba, ta yi waƙa. Kai ta waƙe. Ta ce Mamane na Daouda, jikan maƙeran Birni, mai sauke kaya a kasuwar Rungis kafin Paris ta farka. Jama'a ba su jin Hausa, amma da ta nuna su da yatsa sai suka dinga amsawa "Mamane! Mamane!" Daga nan ta shiga baitin yadda akuya ta kore ka har cikin rumbu kana yaro.

Na toshe kunnuwana saboda alkawari, amma lasifikan manya ne. Na ji duka. Ban san ko wannan ya karya alkawarin ba. In ya karya, ka yi haƙuri, zan karɓi hukuncinka.

Gwaggo tana gaishe ka. Ta ce yaran suna da hannu, tarbiyya ce ba su samu ba.

Ƴarka mai biyayya,
Ruwaida

Sevran

Ruwaida,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta makara. Salihu ya riga ya nuna min bidiyon a wurin aiki, yanzu ko direbobin manyan motoci in sun gan ni sai su ɗaga hannu su ce "Mamane! Mamane!"

Alkawarinki bai karye ba. Makaɗanki sun yi shiru kamar yadda kika ce. Mawaƙiyar ni na haɗa ki da ita da hannuna.

Baɗi in Allah ya kai mu za ki je, amma ni zan raka ki. Ki faɗa wa Yaya Huraira ba akuya ba ce, bunsuru ne, kuma babba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki