Sunan Matar Mai Hagu

Sulay, Riyad

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen gida baki ɗaya. Ni ma lafiya lau, sai zafin da kika gaji da jin labarinsa.

Idrisu abokin aikina ya dawo daga hutu, saƙo ya iso: kuka, daddawa, yaji da littafi. Na ga sharaɗinki kuma, wai in na karanta in rubuto da biro, in ɗauki hoto in turo, tunda wayarmu ta koma "ya gida, ya aiki, sai an jima." Ban musa ba. Amma hannun nan da sitiyari ya saba, kada ki bi ni da jan bironki na makaranta.

Wallahi littafin ya kama ni. Na san Jibirilla Mai Hagu a filin ƙwallo, na sha ihu don ƙwallonsa, amma ban san ya taɓa kwana a tasha ba sai da ya faɗa da kansa. Kin san ɗakinmu. Kowa ya dawo daga sito sai ya miƙe a gadonsa ya kafa wa waya ido, mu shida amma kamar ba kowa. Yanzu ranar Juma'a bayan la'asar ni nake karanta musu. Da na zo inda ya fara zuwa ƙasar waje, yana cin burodi da ruwa, ba mai jin yarensa har ya koma hira da takalmansa, sai ga Lado, ƙaton nan mai tuƙa babbar mota, yana share ido. Wai yajinki ne ya shigar masa.

Abin da yake ja na shi ne, a littafin nan babu wahalar da ta tafi a banza. Kana karanta yunwarsa kana sane da cewa gaba akwai kofi da jirgin sama. In ina jiran lodi a bakin sito sai in riƙa cewa wataƙila ni ma a babin yunwa nake.

Ki gaida Ruƙayya da yayanta. Na bar ki lafiya.

Naki,
Gidaɗo

*

Gombe

Zuwa ga Maigida,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya ƙara rufa asiri. Yara suna lafiya, suna gaisuwa. Rubutunka ya iso, kuma na ajiye jan biro, ko da yake hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Na ji daɗi da ya shige ku. A laburaren makarantarmu ma shi kaɗai ne littafin da ba ya yini a kan kanta. Sauran ni kaɗai nake taɓa su, in kakkaɓe in mayar. Shi ɗin ma tsakiya 'yan matan suke fara buɗewa, wajen hotuna, daga nan su tsallaka zuwa babin gidansa da motocinsa. Na tambayi wata me ya sa, ta ce, "Malama, ai so nake in ga yadda suke a cikin gida." Ban ga laifinta ba, ni ma abin da ya kai ni ke nan.

Sai dai ni na leƙa cikin gidan ban ga matar gidan ba. Mutumin nan ya faɗi sunan kocinsa na farko, da mai gyaran takalminsa, har da na karen maƙwabcinsa a can Turai. Matar da ta zauna masa shekara da shekaru yana yawon duniya, layi ɗaya ta samu: "Iyalina sun riƙe gida." Na bi littafin daga bango zuwa bango ina neman sunanta. Babu.

In kun kai ƙarshe ka duba mini, ko idona ne ya tsallake.

Na bar ka cikin amincin Allah.

Maman Ruƙayya

*

Sulay, Riyad

Malama,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ya yara?

Kai, Malama! An ba ki tuwo da miya, ke kuwa kina neman tsakuwa a ciki. Mun kai ƙarshe, na duba, gaskiyarki ce babu. To amma ai kunya ce irin tamu. So kike ya baza sunan matarsa a littafi, ƙartin duniya suna karantawa a tasha? Na kawo maganar a ɗaki, Lado ya ce, "Wallahi da ya rubuta da na raina shi." Ke ɗin ma yaushe kika taɓa faɗin nawa? Tun da aka kawo ki gidanmu daga "Maigida" sai "Baban Ruƙayya."

Kuma in maganar suna ce, ku zo nan ku ga abu. Balaraben da yake ba mu lodi kowa Muhammad ne a wurinsa. "Yalla, Muhammad!" Mai shagon da nake sayen shayi "sadiƙ" yake ce mini, wato aboki. Kafilina, wato ubangidana da takardar zamana ta iƙama take hannunsa, shi da ya fi kowa ganin sunan a rubuce, Jidadu yake cewa. Na daina gyara masa. 'Yan ɗakinmu kuma Direba. Ga ni nan ban mutu ba.

Na je kasuwar Dira ranar hutu, na samo littafin wani mawaƙi da Larabci, ina tauna shi a hankali. Har na fara tunanin in Allah ya mai da ni gida in rubuta nawa. Ba na shahara ba, amma na ga abubuwa.

A gaida kowa.

Gidaɗo

*

Gombe

Maigida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Na fara rubutawa na yaga, don da fushi na fara.

Ka ce kunya. Na yarda akwai kunya. Amma mai jin kunya yana riƙe da abin a ransa, bakinsa kawai yake kamewa. Wanda ya manta ma shiru yake yi, daga waje ba ka bambance su. Shi ya sa na tambaya.

Ka ce ban taɓa faɗin naka ba. Ina faɗi. Kowace sujada sai na faɗe shi cikakke, da na mahaifinka, don kada addu'ar ta tsaya neman wane Maigida ake nufi. Kai ne dai ba ka wurin.

Bari in gaya maka abin da ban iya faɗa a waya ba. Tun da Inna ta rasu bara, ba wanda ya sake kiran sunana. Ita kaɗai ce ta rage mai yi. Takan tsaya daga zaure ta ƙwala shi kamar ina 'yar shekara bakwai, ni kuwa in ji haushi, in ce Inna, ɗalibaina suna ji fa. Yanzu a makaranta Malama, a gida Mama, a unguwa Maman Ruƙayya. Kwanaki a asibiti ma'aikaciya ta yi ta kiran wata, ina zaune ina tausayin matar da ba ta ji ba, sai da ta kusa da ni ta leƙa katina ta taɓa ni. Na dawo gida na rufe ɗaki na yi kuka.

Abin da suke kiranka da shi a can ya dame ni, har abinci ya ƙi shiga. Amma su baƙi ne, ba su san ka ba. Kai ka san ni.

Ban aiko maka da littafin nan don ƙwallo ba. Na karanta shi ni kaɗai a laburare, na ga kaina a layin nan ɗaya, na tsorata. In ka tashi rubuta naka, ba na neman babi. So nake kawai in san ko ina da suna a ciki.

Allah ya tsare ka, ya dawo da kai lafiya.

Maman Ruƙayya

*

Sulay, Riyad

Assalamu alaikum.

Na rasa abin da zan sa a saman takardar nan, shi ya sa kika gan ta ba kai.

Wasiƙarki ban karanta wa kowa ba. Juma'ar nan da suka taru na ce maƙogwarona yana ciwo, kowa ya koma wayarsa. Na sake buɗe littafin Mai Hagu ni kaɗai. A da in na zo babin da yake hira da takalma kaina nake gani. Wannan karon sai na riƙa tunanin a daidai lokacin akwai wata a gida, ita da wa take hira?

Kada ki yi dariya. Kwana da kwanaki ina gwadawa a mota. In na hau babban titi, gilashi a rufe, sai in faɗe shi da ƙarfi. Da farko ya fito a bushe kamar ina kiran sunaye a aji. Rabona da shi tun muna tsayawa a ƙofar gidanku, Inna tana gyaran murya daga zaure. Ban manta ba, wallahi ban manta ba. Ajiye shi na yi kamar rigar sallah, na ɗauka adanawa ce, ashe ke kina can kina jira.

Jiya da hantsi na tsaya a gefen hanya na kira ki. Kin ɗauka, kin yi sallama, na faɗa. Sai shiru. Na yi ta "halo, halo," ba amsa, na kashe. Ban sani ba ko layi ne ya yanke kafin ya isa, ko ya isa amma na makara. Na daɗe zaune a motar, har mai lodi ya kira yana "Wen Muhammad?", wato ina Muhammad yake.

Ga shi a rubuce, ko da bai isa ba: Kaltume.

Ki gaya mini gaskiya, ko wacce ce.

Naki,
Gidaɗo

*

Gombe

Wa alaikas salam.

Layi bai yanke ba. Ina tsaye a laburare, yara cike, na toshe bakina da mayafi. Duk "halo" ɗinka na ji.

Ka sake kira ranar Juma'a, ina gida. Wannan karon zan ce na'am.

Allah ya kai mu.

Taka,
Kaltume