Inna Ta Ƙi Cin Hanta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Auta ta ci jarrabawa, yanzu ko gaisuwa sai mun bi layi.

Yaya, maganar Inna ce, kuma ni na jawo. Kin san ƙarin da aka gano a nononta na hagu, aka ce sankara ce. Da muka koma asibiti, likitar ta juyo mana da allon hoton, ta nuna wasu jajayen zare-zare sun kewaye shi. Ta ce ƙari ba ya wuce ƙwayar shinkafa sai ya samu abinci, don haka yake aika wa jiki saƙo, jiki kuma ya tsiro masa da sababbin ƙananan jijiyoyin jini. Ta nan yake ci ya girma, ta nan yake samun hanyar bazuwa. Inna ba ta gane ba. Ni kuwa sarkin iyayi, muna dawowa gida na ce bari in yi mata bayani da sana'ata ta gyaran famfo. Na ce kamar maƙwabci ne ya ja bututu daga famfonta, in ta rufe ruwan sai shukarsa ta bushe. Baki shi ke yanka wuya.

Tun ranar ta rufe ruwan. Hanta, ƙwai, alayyafo, duk abin da aka ce yana ƙara jini sai ta ture kwanon. Ƙwayoyin ƙarin jinin ma a ƙarƙashin matashi na tsince su. Makon jiya aka auna ta, jini ya yi ƙasa, aka ɗage maganin da za a ƙara mata. Likitar ta lallashe ta, ta ce ƙarin zai ƙwaci rabonsa ko ta ci ko ba ta ci ba, ita ce dai za ta rame. Inna ta ce to, kin san irin to ɗinta.

Jiya na zauna gabanta da kwano har abincin ya huce. Ta dube ni ta ce, "Ku bakwai na shayar, ku bakwai na yaye. Wannan ne zai gagare ni?" Dariya ta zo mini, amma hawaye suka riga ta. Tsoro nake ji, Yaya.

Ranar Laraba za a sake auna ta, in jinin bai tashi ba za a ƙara ɗagewa, ƙarin kuwa ba jira yake yi ba. Ki kira ta. Kada ki yi mata bayanin komai, na yi an gani. Ki ce mata kawai ba za ki sa komai a bakinki ba sai ta ci. Ba ta taɓa iya jure ganin ɗayanmu yana da yunwa ba, balle ta bar ki da yunwa a nesa.

Gwaggo da Kawu suna gaishe ki. Ki gaida mini maigidan, ki shafa kan takwarar Inna.

Ƙaninki,
Mai Famfo