Akwatin da Umma Ta Lulluɓe

Litinin

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Ummanku da yayanki. Na ga wasiƙarki da fitowata daga aji, ko jaka ban ajiye ba na zauna amsawa.

Kin ce akwatin ajiyar kwamfuta na gidanku ya kunna jar fitila yana ƙara, amma hankalinki kwance, tunda faifai biyu ne a cikinsa, komai yana da kwafi. Auta, nan ne kusan kowa yake ruɗewa, har ɗalibaina na ajin ƙarshe. Ana ɗauka faifai biyu a akwati ɗaya ajiya biyu ce. Ba haka ba ne. Tagwaye ne a ɗaki guda. Abin da aka rubuta a wannan, nan take ya shiga wancan, abin da aka goge ma haka. Zafin da ya dafa ɗaya shi yake dafa ɗan'uwansa. Amfaninsu kawai, idan ɗaya ya mutu, ɗayan ya riƙe ki kwana biyu kafin ki sauya. Ajiya ta gaskiya ita ce kwafin da yake wani wuri dabam, ba a jone da komai ba.

Ni na koya miki haɗa rautar intanet ta gidan da jan waya zuwa ɗakuna, kuma kin fi ni tsabtar aiki. Idan ban nanata miki wannan ba, laifina ne.

Ki amsa mini abu uku. Ki buɗe shafin sa ido na akwatin ki duba, yaushe ya fara kuka? Saƙon gargaɗinsa wayar wa yake zuwa? Na uku shi ne ya hana ni sukuni: hirarrakin nan arba'in da uku da kika naɗi muryar marigayi Babanku kafin rasuwarsa, waɗanda Ummanku take kunnawa a ɗakinta kowace safiya, akwai su a wani wuri ban da akwatin?

Ki rubuto, kada ki kira. Kin san ni da waya, rabi nake ji. Kuma a irin wannan aiki na fi son abin da za ki karanta sau biyu.

Naki,
Kawu

Talata

Zuwa ga Kawuna,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, Kawu, ka yi haƙuri da rubutun.

Babu su a ko'ina. Da wayata na naɗa, da ta cika na kwashe su zuwa akwatin na goge na wayar. Lasifikar ɗakin Umma ba ta riƙe komai, daga akwatin take jawowa.

Na buɗe shafin. Faifan farko ya mutu wata huɗu da suka wuce. Wata huɗu, Kawu! Ƙarar da muke ji yanzu ta na biyun ce, an rubuta cewa wasu wurare a jikinsa sun daina karantuwa. Akwatin bai yi shiru ba, kullum yana aika gargaɗi. Wayar Baba yake aikawa. Lokacin da na haɗa shi, Baba ne kullum a gida, ya ce in sa lambarsa, shi ne maigadin akwati. Tun ranar da ya rasu wayar take kashe a durowar Umma. Ban taɓa tunawa in sauya ba.

Sai maganar wurin. Ka tuna a kan kanta na ɗora shi a baranda, inda iska take ratsawa. Tunda na fara aiki ban cika lura ba, komai ta waya nake dubawa. Jiya na je kantar, babu akwati. Na bi wayarsa har ɗakin Baba. Yana cikin kabad ɗin kayansa, an naɗe shi da bargonsa mai ruwan toka, an rufe ƙofa. Yaya ne ya ja mata wayoyin. Da na taɓa shi sai da na janye hannu.

Na ce, "Umma, wa ya kawo shi nan?"

Ta ce, "Ni. Ke da bakinki kika ce muryar Babanku a ciki take. Sai in bar shi a baranda kamar takalmi, kowa ya wuce ya goge shi?"

Na cire bargon, na ce zan wanke.

Yaya ya sayo sabon faifai yau. Ya ce ranar Alhamis da safe zai zare mataccen ya sa wannan, akwatin ya kwafe da kansa. Na ce ya jira amsarka, ya ce ni da kai mun cika bita. Kawu, in bar shi?

'Yarka,
Auta

Talata

Kawu,

Barka da aiki. Auta ta ce sai na rubuto maka, to ga shi.

Ni ban ga abin ɗaga hankali ba. A gareji idan taya ɗaya ta fashe, cirewa muke yi mu sa sabuwa, ba ma kiran taro. Na karanta takardar akwatin, haka ta ce: a zare, a sa, a jira. Minti biyar.

Yarinyar nan tun jiya take zagaya akwatin kamar mai jinya. Umma ta fara tambaya. Yau da safe murya ta tsaya mata a tsakiyar magana, ta fito tsakar gida tana cewa me ya sami Babanku. Ba na son in sake ganin fuskar nan. Gara a gama.

Kuma gaskiya zan faɗa wa Umma bargon nan ne ya jawo, don kada ta kuma. Ni na ja wayar, na sani, amma ban san za ta naɗe shi ba.

A huta lafiya.
Ɗanka na gareji

Laraba

Zuwa ga 'ya'yana biyu,

Assalamu alaikum. Wasiƙa ɗaya na yi muku, ku karanta tare, a tsaye ma in ta kama.

Injiniya, takardar ba ta yi ƙarya ba, amma da lafiyayyen faifai take magana. Bari in shigo garejinka. Mota ce taya ɗaya ta fashe, ɗayar kuma ta kumbura, zare duk a waje. Idan ka sa sabon faifai, akwatin zai tilasta wa mai ciwon ya karanta jikinsa kaf, daga farko har ƙarshe, awa bakwai ko takwas ba hutu: hotuna, finafinai, takardun makarantar Auta, har tarkacen da ba mai so. Wato ka ɗora wa kumburarriyar taya buhu ɗari ka hau doguwar hanya. Idan ta fashe a tsakiya, sabon faifan ma ba zai amfane ku ba. Don Allah kada ka sa shi. Na san son Ummanku ne yake sa ka gaggawa, shi ya sa nake roƙonka ba umarni ba.

Ga abin da za ku yi. Auta, ki kashe akwatin yanzu ta shafinsa, ba da zare wuta ba. Ki dawo da shi baranda ya huce. Ki cire duk abin da yake jawo kaya daga gare shi, talabijin da wayoyi da lasifikar Umma, kada kowa ya taɓa shi ta iska. Gobe da safe, lokacin da gari bai yi zafi ba, ki jona shi da kwamfutarki da waya kai tsaye, ki sa fanka a gabansa. Ki kwashi hirarrakin kawai, ɗaya bayan ɗaya. Kada ki ja su gaba ɗaya. Duk wadda ta fito, ki kunna ki ji kafin ki wuce.

Abu mai wuya shi ne wannan. Ban san yawan numfashin da ya rage wa faifan ba. Zai iya ba ku duka, zai iya tsayawa a ta biyar. Saboda haka ku jera su tun yau a takarda, wadda ba za ku iya rasawa ba ita ce farko. Ku tambayi Ummanku. Ku gaya mata gaskiya cewa akwatin ba shi da lafiya.

Maganar bargo kuma, Injiniya, Ummanku 'yar'uwata ce, na riga ka saninta. Idan ta ji cewa da hannunta ta yi ɓarnar, ba za ta yafe wa kanta ba. Abin da ta ga ya dace da mai daraja ta yi masa. Mu da muka san yana buƙatar iska, mu ne ba mu faɗa ba. Ka bar wannan a tsakaninmu.

Ina jiran labari. Allah ya ba ku sa'a.

Naku,
Kawu

Alhamis

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Zan faɗa maka yadda aka yi a jere, don in na fara da ƙarshe ba zan iya ci gaba ba.

Jiya muka zauna da Umma da takarda. Na ɗauka za ta zaɓi wadda Baba ya yi mana nasiha, ko ta tarihin gidansu. Sai ta ce, "Wadda kika rubuta wa gwaji." Kawu, wannan ba hira ba ce. Ranar farko ce, na manta ban kashe wayar ba. Minti goma sha ɗaya, Baba yana neman tabaransa, yana kiran Umma daga ɗaki, tana ce masa yana goshinsa, yana dariya har da tari. Har na yi niyyar goge ta. Ta ce ita take fara kunnawa kullum.

Ka san Baba ya yi wa kowannenmu tasa hirar daban, ni da Yaya da Anti babbar yayarmu. Da muka zo kansu Yaya ya ce, "Sa tawa a ƙarshe."

Na ce, "Yaya, minti ashirin ce kawai."

Ya ce, "Ke Auta, ana magana kina magana. Na ce ƙarshe."

Da safe muka kunna. Yaya bai je gareji ba. Shi ya riƙe fanka a hannu, wai ƙafarta tana girgiza kantar da akwatin yake kai. Ta gwajin ta fito cikin minti biyu. Na kunna, Umma tana bakin ƙofa, ta juya ta koma ɗaki. Goma na farko ba matsala. Daga ta sha huɗu faifan ya fara wani ƙas-ƙas, layin kwafin ya tsaya, ya motsa, ya tsaya. Wadda ya kamata ta ɗauki minti ɗaya sai ta ci ashirin. Yaya yana ta cewa, "Yi haƙuri, tsoho, saura kaɗan," kamar yana lallaɓa mota a kan tudu.

Bayan ta ashirin da bakwai na ce, "Yaya, bari in tsallako da taka yanzu."

Ya ce, "Ta Anti ta fita?"

Na ce saura ita da ta jikoki.

Ya ce, "To bi layi."

Ta Anti ta fita. Ta jikoki ta fita. Na saɓa masa, na tsallake sauran na ja tasa. Ta kai kashi tara cikin ɗari, sai ƙarar ta canza, sau uku, sannan shiru. Shafin ya ce babu faifai. Na kai hannu zan sake kunnawa, Yaya ya riƙe ni, ya ce, "Kawu bai ce a yi haka ba."

Ashirin da tara muka samu. Sha huɗu sun rage a ciki, har da tasa.

Ya kashe fanka, ya naɗe wayarta a hankali. Sai ya ce, ba ni yake kallo ba, "Ban taɓa jin ta ba fa."

Na ce, "Wace?"

Ya ce, "Tawa. Kullum sai in ce sai na shirya."

Ya ɗauki makullinsa ya fita. Har yanzu da la'asar bai dawo ba, wayarsa tana shiga ba ya ɗauka. Bai ce wa Umma komai a kan bargo ba. Ni ma ban taɓa saurarar tasa ba, ranar da aka naɗe ta Baba da kansa ya karɓi wayar ya ce in fita. Umma ce kaɗai ta san abin da ke ciki, ta ce duk ranar da Yaya ya yi tafiya ita take kunnawa.

Kawu, da na ƙi jin maganarsa tun farko, da yanzu tana hannunmu. Me zan yi?

'Yarka,
Auta

Juma'a

'Yata Auta,

Wa alaikumus salam. Kin yi aikin da ni kaina ba zan fi ki ba. Yayanki kuma ya zaɓi abin da ya zaɓa da idonsa buɗe, kada ki ƙwace masa shi ki ɗora wa kanki. Ya rubuto mini layi ɗaya da safen nan, yana gareji, lafiyarsa lau.

Kada a sake kunna faifan. Ki zare shi ki sa a kwali. Akwai masu buɗe irinsa a ɗaki na musamman, zan nemi wanda na yarda da shi. Wani lokaci a dace, wani lokaci a'a. Ban yi miki alkawari ba, kada ki yi masa.

Ashirin da taran nan, ki yi musu kwafi biyu yau, ɗaya a sabon faifan, ɗaya ki aiko mini. Sannan ki kashe kwamfutarki, ki je wata kwamfutar ki jona sabon faifan ki kunna. Kwafin da ba a gwada ba, ba kwafi ba ne tukuna.

Saura ɗaya, kuma wannan ban iya koya miki shi ba. Ki ɗauki wayarki ki shiga ɗakin Ummanku, ki ce ta faɗi abin da Babanku ya ce wa yayanki, yadda ta riƙe shi, ko da ba a jere ba. Ki ajiye mata wayar ki fita ki ja ƙofa. Idan ta gama, ki kai masa gareji da kanki, ki tsaya a waje har ya ji.

Ki gwada yau, kada ki jira sai kin shirya.

Naki,
Kawu