Ranar Da Muka Kwance Injin Gyaɗa

Nguru,
Maris 2003

Zuwa ga matata Kaltum,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya Afra da Alamin? Ki gaida mini Yaya Rabe da ya riƙe ku a Gashua.

Albishirinki. Ɗan takarar majalisar jihar nan ya zo Nguru, kuma a ƙofar kamfaninmu na matsar gyaɗa ya yi taronsa. An yi wa ƙofar sabon fenti. Da aka nemi tsohon ma'aikaci, ni aka tura kan dandamali. Ya riƙe hannuna ya ɗaga sama, ya rantse kafin a cire gyaɗar bana injin zai tashi. Kaltum, sai da na yi ƙwalla. Tun da aka rufe kamfanin ba wanda ya sake kirana da sunan aikina.

Gidan ya yi mini faɗi. Na daina dafa abinci, shayi nake saya a bakin tasha. Ki fara shiri, bayan zaɓe ku dawo.

Naki,
Kalli

Nguru,
Oktoba 2003

Zuwa ga Kaltum,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, kada ki cire yaran daga makaranta.

Mutumin ya ci zaɓe, kin sani. An raba babura, duk suka tafi hannun yaran jam'iyya. Na je gidansa, masu gadi suka ce ya koma Damaturu.

Makon jiya aka aiko kirana kamfani. Na sa rigata mai kyau. Ina isa na tarar da manyan motoci da wasu 'yan gwangwan, ashe an sayar musu da injinan a matsayin tsohon ƙarfe. Shugabansu ya ce, "Baba, an ce kai ka san ta inda ake kwance su."

Na karɓi sifanar kwance noti na fara aiki. Ina buƙatar kuɗin, buhun gerona ya kusa ƙarewa. Har yanzu ƙarfen yana ƙamshin man gyaɗa. Da muka gama, ban sami ko mutum ɗaya cikin abokan aikina da zan gaya wa ba, duk sun watse Kano da Maiduguri.

Ki faɗa wa Yaya Rabe, gadin siton kifin da ya yi mini tayi na ƙi, in har bai ba wani ba, na yarda. Zan shigo motar Gashua ranar Laraba.

Mijinki,
Kalli