Maganar da Na Sa wa Inna a Baki

Daren Laraba, 9 ga Sha'aban

Yau 'yata Hauwa ta zo hutu da littafin wata marubuciya 'yar Brazil. Wai matar ta yi suna ƙwarai, kuma cewa take matattu ne ke yi mata shifta, ita rubutawa kawai take.

Na ce, "A'uzubillahi! Wanda ya mutu ai ya tafi."

Hauwa ta yi dariya. "To Mama, ke da kike cika littafi da hirar Inna fa?"

Shekara biyu ke nan ina rubuta labaran mahaifiyata da ajami, tun daga yadda suka koro shanu daga Nangere. Na ɗauka tunawa kawai nake.

Bayan isha'i na buɗe shafin ƙarshe na littafina. Na tarar na rubuta wai ta ce, "Na yafe miki, Asabe." Inna ba ta faɗa ba. Mun rabu cikin saɓani, kuma ban iso ba sai da aka kai ta makwancinta.

Ko ita ma matar can abin da take son ji take rubutawa? Allah masani.

Na goge layin. Na yi wa Inna addu'a, na bar gurbin layin haka nan.