Tafin hannun Kaka a jikin ganuwa

Daren Alhamis, Ulaisha

Na gaji tilis amma bacci ya ƙi zuwa. Yau kafil ɗin Baba, wato ubangidansa a wurin aiki, ya ba shi hutun wata biyu cur, kuma Baba ya ce da ni za a je Damagaram. Ni da aka haifa a Riyad, ban taɓa ganin gida ba sai a waya.

Tun ranar da Inna ta ce kakan kakanmu magini ne, da shi aka gina ganuwar Birni, nake ta sauke hotunan manyan gidajen dutse masu hasumiya. Har na sa ɗaya a sitatus na rubuta "gidanmu". Da na nuna wa Baba sai da ya ajiye shayinsa don dariya.

"Ke Hauwa, wannan ai na Turawa ne. Namu ƙasa ce da tubali, rabi ma ruwa ya cinye."

Kunya kamar in nutse. Na goge, amma ƙawayena duk sun riga sun gani. Na ce to me za mu je gani? Ya ce in magini ya gama aiki yakan danna tafinsa a ɗanyen yaɓe. Na Kaka, maginin nan namu, yana kusa da wata ƙofa, Baba yana yaro babansa ya ɗaga shi ya sa hannunsa a ciki.

"In damina ba ta wanke shi ba," ya ce.

Allah ka sa mu tarar da shi. Gobe zan cire faratan robar nan, kar in je sa hannuna a tafin in karce wa Kaka hannu.