Saniyar Aro Ba Ta Zuwa Mahauta

Gangara, 3 ga Maris 1985

Zuwa ga Mushe Abdulmumini, shugaban masu majigi a Maradi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali, yaya aka ji da wannan fari? Ni ne Yahaya, ɗan ƙanen Jaye, wanda ya riƙe maku igiyar shanu sa'ad da kuka zo ɗaukar tarihinsa. Aji uku na yi a lakol, ka yi haƙuri da rubutuna.

Na kalli fim ɗin a Gazawa ranar da kuka gwada wa ma'aikata. Ta taga na leƙa. Baffa bai je ba, idonsa ya yi rauni, ni na dawo na kwashe masa labari.

Abin da ya yi kyau ba zan ɓoye ba. Kun tono tsofaffin hotunansa na zamanin majigi bebe, inda yake gudun mai allurar shanu har ya faɗa kududdufi, sai ga mutanen da suka kwana biyu ba tuwo suna dariya da hawaye. Wanda ya fito a matsayinsa ya iya saɓa sanda a wuya, ya iya tsayuwa da ƙafa ɗaya. Madalla.

Amma surutunsa ya yi yawa, Mushe. Baffa ya shekara goma sha ɗaya yana sa ƙasar nan dariya bai buɗe baki ba. Naku kuwa yana shan fura a tsakiyar kasuwa, yana kiran ɗansa na fari da suna. Baffa ya ce, "Wannan ba kunya gare shi ba, amma ƙyale shi." Na ƙyale.

Guda ɗaya ce ba zan ƙyale ba. Kun nuna a farin saba'in da uku ya sayar wa mahauci saniyar habbanaye. Habbanaye ita ce saniyar da ɗan'uwa ke ara wa wanda garkensa ya ƙare, ya riƙe ta har ta haihu uku, maruƙan nasa, uwar ta koma gida. A wurinmu ba a sayar da ita ko yunwa za ta kashe mutum. Baffa jinkar ɗakinsa ya kwance ya ba ta ta ci, ya mayar da ita da ranta.

Yanzu garkenmu ya sake ƙarewa ƙaf. Wani mai suna Dikko, daga wajen Gidan Rumji, ya yi alkawarin ara wa Baffa karsana, kuma zai zo kallon fim ɗin ranar kasuwar Gangara. Bai san Baffa ba sai a bakin mutane. Ku cire wurin nan.

Ka huta lafiya.
Yahaya

Maradi, 12 ga Maris 1985

Ƙanena Yahaya,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin tsoho, takardarka ta same ni, kuma na yaba da idonka. Zancen fura da kiran suna kuskurenmu ne, ni ɗan Tibiri ne, garma na sani ba sanda ba.

Amma wurin sayar da saniyar shi ne zuciyar aikin. Ban sa shi don cin mutunci ba. Ina so manya a Yamai su ga cewa fari ya kai inda mutumin kirki ke rabuwa da amana yana kuka. Duk wanda ya kalla tausayin Jaye ya ji. Wataƙila ma hatsin agaji ya ƙaru a wajenku saboda shi.

Ban da haka, kwafi ɗaya ne tak, a waje aka wanke shi, kuma dukiyar buro ce, wato ofishinmu. Ba ni da ikon sa masa almakashi. Mutane sun san wasa wasa ne.

Naka,
Abdulmumini

Gangara, 20 ga Maris 1985

Mushe Abdulmumini,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Na karanta wa Baffa takardarka sau biyu. Ya ce in tambaye ka, tausayin mutanen Yamai nono nawa yake bayarwa.

Ka ce mutane sun san wasa. To, har yau in Baffa ya shiga kasuwa yara na yi masa ihun "ga mai allura nan!" shekara talatin bayan ya faɗa kududdufin. Abin da aka gani a farin ƙyalle ba ya wankuwa. Waɗanda suka san ya mayar da saniyar kuwa, wasu na ƙasa, wasu yunwa ta kora kudu. Buhun agaji wata guda ne. Karsana garke ce.

Na sake tuna wurin nan da kyau. A hoto, Jaye ya miƙa wa wani mutum igiya, ya shafa wuyan saniya, ya juya yana share ido. Ba wuƙa, ba hannu cikin aljihu. Muryar da ke fita ta amsa-kuwwa ce kaɗai ke cewa "na sayar". Baffa ya ce a zamaninsu haka ake: hoto ya yi shiru, mutum ya tsaya gefe ya faɗi abin da ya faru.

Saboda haka ba sai ka taɓa almakashi ba. In an zo wurin, ka kashe muryar. In ba ka kashe ba, na lura da baƙar wayar da ke bi ta ƙarƙashin motar majigi, ni zan zare ta. Na faɗa maka tun da wuri don kada a ce da dabara na zo. Ka kira jandarma in ka so, sun san rugarmu, ba abin da ya rage a cikinta sai turaku.

A gaida mutanen gida.
Yahaya

Maradi, 2 ga Afrilu 1985

Yahaya,

Ina fatan ka koma gida lafiya. Ka sani ba ni na nuna ka ga jandarma ba, direba ne, kuma da safe na je na ce a sake ka.

Na zaci barazana kake yi. Da muryar ta ɗauke har na miƙe da fushi, sai na ji an buga sanda a jikin mota. Tsohon da na yi wata shida ina ɗaukar tarihinsa bai taɓa ba ni magana biyar a jere ba, ga shi tsaye gefen ƙyalle. "Jama'a, ni ne Jaye. Ban ganin hoton nan, amma ni na yi tafiyar. Sunanta Wule. Kwana huɗu muka yi, ina ɗaga ta da wutsiya in ta kwanta. Nan na ba mai ita igiyarsa. Kukan kuwa gaskiya ne, na saba da ita."

Wani ya yi ihu daga baya, "Ashe bebe na magana!" Ya ce, "Da can ba a yi mani ƙarya ba ne."

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Ban mayar da wayar ba har aka gama.

Duk da haka ina kan bakana, wurin nan ya fi taɓa zuciya yadda na tsara shi. Kuma buro ta ce a gyara waya kafin mu nuna a Agiye ran sha biyu ga wata. Kada ka sake ja wa kanka.

Abdulmumini

Gangara, 7 ga Afrilu 1985

Mushe,

Gaisuwa. Kwana ɗaya wurin jandarma ba komai, sun ma ba ni abinci.

Jiya Dikko ya aiko da karsana, ja ce, ƙashi da fata, amma tana tsayuwa da kanta. Baffa ya shafa ta tun daga ƙaho har wutsiya, sannan ya ce in hau in fara kwance jinka.

Zancen Agiye, a gyara waya da kyau. Ni da Baffa mun san hanya.

Ka huta lafiya.
Yahaya